Shirun Kwana Tara

Sallama gare ku, masu bina a wannan labari, har da waɗanda yau suka fara leƙowa. Ku matso kusa, amma ku yi mini alkawari ɗaya: kada wadda ta zage ni sai ta kai ƙarshe. In ta kai, to bismilla, ni ma na riga ta.

Sunana Safiyatu, 'yar Malam Abu maɗinki. Gidanmu yana bakin Jibiya, in ka tsaya a ƙofar zaurenmu kana hango sandar 'yan kwastan da hanyar da ta miƙe ta tsallaka iyaka ta shige ƙasar da Faransa ke mulka. A daminar 1957 ina da shekara goma sha shida, kuma a duk unguwarmu ni kaɗai ce mace da ta iya riƙe fensir, don na kai aji huɗu a elemantare kafin a ce ya isa haka.

Fensir ɗin nan shi ya jawo mini komai.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga mota daga Katsina ta kawo wani Babban Likita, Bature mai furfura da lofe a baki, tare da ɗalibai biyu. Ahmadu yana koyon aikin likita a Kano, surutu a bakinsa kamar ana ɓare gyaɗa. Uwaisu kuwa yana koyon haɗa magani a Zariya. Makarantunsu ne suka turo su su zauna ƙarƙashin Likita, ya koya musu yadda ake bin sawun cuta har a gano inda ta fito. Cutar da suka zo bi kurkunu ce. 'Yan yanzu ba ku san ta ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce fara doguwa kamar zare, takan huda ƙafar mutum ta leƙo daidai lokacin noma, sai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum yana kwance wata guda ko fi.

Maza dai sun tambayu a zaure da gona. Mata fa? Namiji baligi ba ya shiga gidan mutane, ko da Bature ne mai lofe. Shi ne aka zo wurin Baba aka roƙi aron 'yarsa mai fensir.

Baba ya daɗe yana murza keken ɗinki kafin ya ce, "Ta tahi, amma da Hajjo. Kuma ran da motarku ta juya Katsina, ran nan za ta aje fensir ta shigo gida. Sa'o'inta duk suna ɗakunansu."

Hajjo kakata ce, ungozoma, babu gidan da ba ta yanke cibiya a ciki ba. Ita ce mai tsarona. Tsaron nata kuwa, da mun shiga gida sai ta samu turmi ta zauna ta hau hira, ni in yi ta aikina.

Kowace safiya sai in yi wanka, in ɗaura zanen saƙi mai ratsin baƙi, in sa murjanin Inna, in ja kwalli har sai Salmatu matar yayana ta ce, "Wai kurkunun aka yi wa kwalliyar ga?" In harare ta in yafa shuɗin gyalena. Mu tafi bayan ɗakin magani, ƙarƙashin wata tsamiya inda suka kafa tebur. Can Uwaisu zai miƙo mini katunan tambaya na ranar.

Bari in gaya muku yadda yake, ko kwa rage mini zagi. Dogo ne siriri, baƙi, hularsa kullum a karkace kaɗan, yana ƙamshin sabulun asibiti. Ba ya ɗaga murya. Yatsunsa kuwa ba sa zama, kullum suna ninke 'yan takardun da ake ƙunshe garin magani, ninki huɗu, baki ya haɗu da baki. Ran nan ya kira ni ya ce in sa ido a madubin likita. Ɗigon ruwan tabki ne ɗaya tak a ƙasa. Da na leƙa sai na ga wata duniya, wasu 'yan halittu farare suna iyo suna tsalle a cikin haske, kamar ba su san da mu ba.

"Su ne masu ɗauke da ita," in ji shi, a hankali, kusa da kunnena. "In kin sha su bana, sai baɗi war haka za ta fito. Shekara guda tana kwance a jiki ba ki sani ba. Amma ƙyalle mai tsabta kawai, in an tace ruwa da shi, ba sa wucewa."

Na ce to. Wallahi rabin maganar ban ji ba, ina sauraron numfashinsa.

Kwana uku bayan haka na tarar da ƙunshin magani a tsakiyar katunana. Na buɗe a bayan rumbu, babu gari a ciki, sai rubutu.

"Safiyatu, kina da hannu mai kyau, Likita ma ya yaba. Ni ba hannun kaɗai na gani ba. A karanta sau ɗaya a rana, bayan abinci."

Haka yake rufe kowace takarda, kamar yadda yake rubuta wa marasa lafiya. Wata ya ce, "Jiya sai da na sake awon magani don hankalina ya bi wani shuɗin gyale. Sau biyu a rana." Wata kuma, "A Zariya akwai wani ɗaki mai taga biyu, ina ta ganin ki a bakin ɗaya. Sau uku a rana, safe da rana da yamma." Ni ban taɓa ba shi amsa a rubuce ba, ina na ga wannan ƙarfin hali? Amsata kwalli ce, kuma ya iya karanta ta. Takardun ina jera su a ƙasan adudu, ƙarƙashin zannuwan sallah.

To, aiki ya yi ta tafiya har ya zo ya cije. Sun zana taswira, kowane mai kurkunu an soka masa jan tsinke. Na Gangara, na Farfaru, na Daddara, duk sun taru a gefen tabkunan da suke sha, abin ya fito sarai. Sai unguwarmu. Mu rijiyar siminti gare mu, mai zurfi, Uwaisu ya duba ruwanta a madubi ya fi sau talatin bai ga komai ba. Amma ga mata goma sha ɗaya kwance da kurkunu, ba namiji ko ɗaya, ba tsohuwa ko ɗaya. A katin kowacce akwai tambaya: bara war haka kin yi tafiya? A kowanne na rubuta a'a, don haka suka ce mini. Ahmadu ya sha ja mini kunne: "Abin da suka faɗa za ki rubuta, ba abin da kike tsammani ba."

Likita ya cire lofe ya ƙwanƙwasa taswirar da shi. Hausarsa a hankali take fita, kamar mai taka ƙaya.

"Ko rijiya tana ƙarya, ko katunanku. Ba zan sa hannu a aikin da ban gane ba. Idan mun gano, Alhamis mai bi mu naɗe kaya, ku koma makaranta. Idan ba mu gano ba, a sake zagaye daga farko, ko za mu kai kaka."

Ranar wata Asabar aka sake tura ni gidajen nan. Na fara da gidan Adama. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, ƙafar ta kumbura tana sheƙi, tsinken yana ɗaure da tsumma. Uwar mijinta tana bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Sai wani yaro ya rarrafo ya cafke mini fensir.

Na ce, "Kai, Adama, ɗan nan naki ya yi wayo. Watansa nawa?"

Ta kau da kai ta rufe baki da gyale. "Ni ban san shi ba. Tambayi masu shi."

Tsohuwar ta yi dariya. "Ɗan hwari ne, ina za ta amsa miki? Wata goma sha ɗaya gare shi. Can gidansu ta haiho shi, Kanyar Bawa, damanar bara."

Fensir ɗin na bar wa yaron. Nan take abin ya faɗo mini.

Kun san al'adarmu. Mace in ta yi cikin fari, a wata na bakwai danginta kan zo su tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, sai ta yi arba'in ko fi ta dawo. Kuma ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna an san shi, balle a zauna gaban uwar miji ana ba da labarin zuwa haihuwarsa. Ka tambaye ta ko ta yi tafiya bara, kunya za ta sa ta ce a'a, kuma ita a ranta ba ta yi ƙarya ba. Unguwarmu kuwa tun kakanni daga Kanyar Bawa muke auro mata, wani ƙauye a bayan iyaka wanda ba shi da rijiya sai tabki. Innata ma 'yar can ce. Na bi sauran gidajen goma ina kallon bayan mata maimakon bakinsu. Kowacce da goyon ɗan fari, kowanne bai rufa shekara ba ko ya ɗan gota.

Na fito kusan da gudu, Hajjo tana bayana tana cewa, "Ke, wa ya biyo ki?" Na iso tsamiya ina haki, maganar tana bakina. Uwaisu ya karɓi katunan, ya miƙo mini na gobe, na ji tudun ƙunshi a tsakiya. Na ce bari in leƙa tukuna. Na juya baya kamar mai gyara gyale na buɗe.

"Likita ya ce wataƙila mu kai kaka. Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Sau huɗu a rana."

"Akwai sabon abu?" in ji Ahmadu.

Na ce, "Babu. Duk a'a suka sake cewa."

Kun ji. Ga laifina nan, ban ɓoye muku ba. In na faɗa, Alhamis mota ta juya, in aje fensir, a rufe ni a gida, Zariya kuma ta haɗiye shi. In na yi shiru, ina da shi har a yanke gero. Na zaɓi gero.

Kuma kada in yi muku ƙarya, kwanakin nan sun yi mini daɗi. Ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, shuka ta fito kore shar, gajimare yana tasowa daga wajen Maraɗi da la'asar. Muka sake zuwa Farfaru, Hajjo a kan jaki tana gyangyaɗi, ni a ƙasa, Uwaisu yana tura kekensa taku goma a bayanmu, ba ya matsowa ba ya nisa. Ina jin ƙarar sarƙar keken sai in ga kamar tafiyar ba za ta ƙare ba, za mu wuce Farfaru, mu wuce Katsina, mu shiga wani ɗaki mai taga biyu inda kwalabe suke jere hasken safe yana ratsa su, shi yana awo ni ina rubuta suna. Har labulen tagar na zaɓa a raina, mai ruwan ƙwai. Ina daka sai Inna ta ce, "Ke, turmin babu kome ciki."

Ran Laraba da hantsi ina tsaye a ƙofar gida sai ga Mariyamu, amaryar maƙwabcinmu, a kan jaki, ciki ya fito, gwaggonta tana gaba da ƙwarya a ka. Goyon ciki za a kai ta, Kanyar Bawa. Ta ɗago mini hannu tana murmushi a ƙarƙashin gyale. Na ɗaga mata nawa. Na bi su da ido har 'yan kwastan suka ɗaga sanda, har suka wuce rumfar 'yan duwan, wato kwastan na Faransa, suka zama ɗigo. Na ce a raina, ai ba kowa ke kamuwa ba. Na shiga gida na buɗe adudu na karanta takardata.

Shi kuwa Uwaisu, duk da jin daɗin da ya ce, ramewa yake. Kullum yana kan madubi, yana ɗebo ruwan randa, ruwan tulu, har na kwatami. Ina ganin haka in kau da kai.

Ranar Lahadi, kwana na tara, ranar kasuwar Jibiya, muna karin kumallo sai muka ji sallama. Dangin Salmatu ne, matar yayana Abdu. Na san tana da cikin fari, na san 'yar Kanyar Bawa ce, amma na ƙi barin raina ya lissafa watannin. Salmatu fa ita ke yi mini kitso, ita ke rufa mini asiri in na ƙona tuwo. Na shiga ɗakinta na tarar tana ɗaure kaya tana 'yar waƙa.

"Sahiya, yau zan sha ruwan tabkinmu," in ji ta. "Naku na rijiya ɗanɗanon ƙarhe gare shi. Namu kuwa, ki dama hura da shi, ki ji kamar an sa zuma."

Na dubi ƙafafunta, an yi musu lalle jiya, sun yi ja har idon sawu. Sai na ga ƙafar Adama a wurin.

Ban san lokacin da na fita zaure ba. Na jawo farin alawayyo daga kayan ɗinkin Baba, na yage kamu guda, na dawo na durƙusa gabanta na danƙa mata.

"Ki rantse mini ba za ki sha ruwan can ba sai an tace da wannan. Ko na fura, ko na kurkurar baki. Ki rantse, Salmatu."

"Ke lahiyarki?"

"Kurkunun su Adama daga tabkinku ne. Can suka sha bara da suka je haihuwa."

Hajjo tana bakin ƙofa, ashe duk ta ji. Ta dube ni irin duban da take wa jaririn da ya ƙi kuka.

"Ke ɗiyar ga, tun yaushe kika san haka?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun ran da kika hito gidajen su Adama da gudu, ko? Ina ganinki ina cewa kwalli ne kawai. Tashi ki tahi ki hwaɗa musu, tun ban riga ki ba."

Ko gyale ban gyara ba. Na ratsa 'yan kasuwa da raƙuma da masu tallan goro har tsamiya. Su ukun suna nan. Na faɗa musu komai a tsaye, goyon ciki, kunyar ɗan fari, Kanyar Bawa da tabkinta. Likita ya miƙe, lofen ya mutu a hannunsa bai kula ba. Ya sa aka jero katuna goma sha ɗayan, yana tambaya ina amsawa. Ahmadu ya dafe kai yana cewa, "Kai! Kai! A gidanmu ma haka ake yi, ban tuna ba!"

Likita ya dubi ɗalibansa. "Kun tambayi mace a gaban uwar mijinta, kun rubuta amsar, kun ce kun gama. Wannan shi ne darasin da za ku koma da shi, ya fi taswirar." Ya juyo wurina. "Sunanki zai shiga rahoton nan. Alhamis mu tafi."

Uwaisu yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da su biyun suka duƙufa kan taswira, ya matso ya rage murya.

"Allah ya yi miki albarka, Safiyatu. Yaushe abin ya faɗo miki? Yau da safe?"

'Yan uwa, da na ce i, da shi ke nan. Kalma ɗaya ce. Amma yana kallona da idanun nan da suka yi kwana tara a kan madubi.

"Asabar waccan."

Yatsunsa suka tsaya a kan takardar da yake ninkewa. Na ga yana ƙirga kwanakin.

"A cikin kwanakin nan, akwai wadda aka kai can?"

"Mariyamu. Ran Laraba."

"Kin gan ta za ta tafi?"

"Na ɗaga mata hannu."

Ya ɗago ya dube ni.

"Saboda me, Safiyatu?"

"Saboda kai. Ba na son ka tafi. Ina son ka, ban san yadda zan yi ba."

Ban taɓa faɗa wa namiji haka ba, kuma ba a haka na so in fara ba. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ajiye takardar a tebur, rabi a ninke rabi a buɗe, ya ce, "Ni na rubuta miki na ji daɗi. Da ma hannuna bai ɗauki alƙalami ba ran nan." Ya koma wurin taswira ya ba ni baya.

Litinin ban fita ba, babu sauran katin da za a ba ni. Salmatu ta tafi da ƙyallenta, ɗakinta a rufe. Na zauna a gindin rumbu ba kwalli ba murjani. Wajen azahar Hajjo ta dawo daga ɗakin magani inda ta je karɓo na ciwon gwiwa, ta jefo mini wani ƙunshi a cinya ta wuce. Ninki huɗu, baki ya haɗu da baki. Na buɗe.

"Safiyatu. Likita ya samu takardar izini daga jandarman Faransa masu tsaron iyaka, jibi Laraba za mu tsallaka Kanyar Bawa da ƙyallayen tace ruwa. Muna bukatar mace da za ta shiga gidaje. Mariyamu za ta cika kwana bakwai tana shan ruwan, sai baɗi za a san abin da ya same ta. Ya kamata daga bakinki ta ji. Ki nemi izinin Baba. Alhamis da safe motarmu za ta tashi. Uwaisu."

Daga zaure ina jiyo keken ɗinkin Baba. Bai taɓa barina na wuce sandar kwastan ba, kuma in zan roƙe shi sai na gaya masa dalili, tun daga yagaggen alawayyonsa har abin da ke ƙasan adudu. Na san zan tashi in je. Na jawo gyale na yafa.

Amma kafin in miƙe sai da na sake duba ƙasan takardar, na juya bayanta, na ɗaga ta ga hasken rana ko akwai wani layi da ninki ya ɓoye. Babu. Bai rubuta sau nawa zan karanta ba.